Darasi na 9: Yoyon Mai a Tsohuwar Mota, Gano Shi da Gyara Shi

A wannan darasi za mu bi hanyar da mai ke bi daga tanki zuwa inji, mu ga wuraren da yake tsiyaya, sannan mu koyi canza tiyo da filta ba tare da mun jawo wa kanmu gobara ba.

Motocin da muke magana a kansu

Masana'antun Kano sun fi taruwa a wurare uku. Bompai ce babba a shekaru, domin tun zamanin Turawa aka fara kafa kamfanoni a can. Sharada ta biyo baya, ta bunƙasa har aka kasa ta kashi uku. Sai Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda ta yi suna da kamfanonin jimar fata. Tireloli ne ke shiga da fita da kaya masu nauyi, amma ƙananan ɗauka na yau da kullum, kamar kai kaya kasuwar Singa ko ta Sabon Gari, da kwaso fatu, da jigilar ma'aikata, har gobe tsofaffin motoci na da kaso a ciki: akori-kura, da tsofaffin bas-bas, da Peugeot da Mercedes waɗanda wasunsu sun girmi direbobinsu.

Ɗauki Peugeot 504. A shekarar 1968 ta fara fitowa a Faransa. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a ƙasarta ta asali. Ke nan mafi ƙuruciyar 504 da za ka gani a titin Sharada yau ta doshi shekara 20, manyan kuwa sun haura 40. Ƙarfen injinta na iya jure wannan. Robar da mai ke bi ta cikinta ba za ta iya ba.

Akwai maganar da direbobi ke yi idan fasinja ya toshe hanci: "Ai tsohuwar mota ce, dole ta yi wari." Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ita ce ta ƙona motoci da yawa. Mota mai kafireta na iya ɗan yin warin fetur na 'yan mintoci bayan an kashe ta da zafinta. Amma warin da ke tarar ka da safe idan ka buɗe ƙofa, ko wanda ke bin ka a hanya har ya sa maka ciwon kai, alama ce cewa mai na fita ta inda bai kamata ba.

Mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara tiyo na ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa 2, motar kuma na ajiye daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Awa 8 ke nan, wato daƙiƙa 28,800, wato ɗigo 14,400. Idan muka ɗauka ɗigo 30 ne ke cika mililita 1, an zubar da mililita 480, kusan rabin lita, motar ba ta motsa ba. A dare 30 an haura lita 14. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba sai an gaya wa kowa darajar lita 14 ba.

Hanyar mai

Kafin ka kama sifana, ka san hanyar. A mota irin 504 tanki na baya. Daga tanki mai zai shiga guntun tiyon roba, daga nan ya shiga siririn bututun ƙarfe da ya bi ta ƙarƙashin mota har gaba. A gaba wani guntun tiyon zai karɓe shi ya kai shi filta, daga filta zuwa famfon mai da ke manne a gefen inji, daga famfo zuwa kafireta. Wasu motocin na da bututu na biyu da ke mayar da rarar mai tanki. Akwai kuma babban tiyon da ke haɗa bakin zuba mai da tanki, da ƙaramin tiyon shaƙar iska, da gasket ɗin da ke rufe wurin ma'aunin mai a jikin tanki. Duk waɗannan wuraren yoyo ne.

Me ya sa ba a yi hanyar duka da ƙarfe ba? Saboda inji na girgiza a kan kujerunsa, jikin mota kuma na tsaye. Da ƙarfe aka haɗa su kai tsaye, da bututun ya karye. Don haka roba dole ce, kuma a mahaɗar roba da ƙarfe ne galibin yoyo ke farawa.

Ga abin da ya kamata ka riƙe fiye da komai a wannan sashe: famfo ya raba hanyar gida biyu. Daga tanki zuwa famfo, zuƙo mai ake yi. Daga famfo zuwa kafireta, tura shi ake yi. Idan tsagar na ɓangaren turawa, mai zai fita ne lokacin da inji ke aiki, kuma a daidai wurin da zafi da tartsatsi suke. Idan kuwa tana ɓangaren zuƙowa, tana iya ƙin nuna komai inji na aiki, domin maimakon mai ya fita, iska ce ke shiga. Sai mota ta riƙa wahalar tashi da safe, ko ta riƙa shaƙewa a hawa, ko ta mutu a danja. Mai ita zai canza filogi, ya wanke kafireta, ya zargi batir, alhali guntun tiyon da bai kai taƙi ba ne ya tsage a bayan mota kusa da tanki.

Ƙarfin turawar ma ba ɗaya ba ne. Famfon mota mai kafireta na tura mai da ƙarfi kaɗan, wajen 3 zuwa 5 a ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya da shi. Mota mai injekta kuwa, famfonta na lantarki na kai wa wajen 40, wato ya fi iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Tiyo da kilif ɗin da suka wadatar a 504 mai kafireta ba za su riƙe wannan ba.

Abin da ke cin roba da ƙarfe a Kano

Zafi ne na farko. A watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40, a ƙarƙashin bonet kuwa abin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Roba ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage. Da damina kuma titunan cikin unguwannin masana'antu na tara ruwa da laka. Lakar ta maƙale a bayan ƙarafan da ke riƙe bututu a ƙarƙashin mota, ta riƙe danshi, tsatsa ta ci bututun a daidai wurin da ido ba ya gani. Ƙara da lodi fiye da kima: akori-kurar da aka danne da kaya ta faɗa rami, cikinta ya daki ƙasa, bututu ya lotsa ko tanki ya samu rauni.

Shi kansa man yana da nasa laifin. Man 'yan bumburutu da aka juya daga jarka zuwa galan kan zo da ƙura da ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki ya ci shi daga ciki, garin tsatsar kuma ya tafi ya toshe filta. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima cikin ƙasar nan, aka janye shi daga kasuwa, dogayen layuka suka dawo gidajen mai. Irin wannan sinadari na kumbura tsohuwar roba ko ya busar da ita, musamman robar da aka yi tun kafin a fara gauraya fetur da dangin barasa.

Kafin ka taɓa komai

Ba ruwan fetur ne ke fara kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Ko da sanyin hunturu mafi tsanani fetur na fitar da tururi, kuma kashi 2 cikin 100 na tururin a cikin iska ya isa ya tashi. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi, ya taru a ramin gareji da kwata da ƙarƙashin mota, ya yi tafiya har ya iske wuta a inda ba ka zata ba.

Garejojinmu kuwa kowa ya san yadda suke: bakanike a nan, mai walda a gefensa, mai shayi da risho a bakin ƙofa, janareta na ruri a lungu. Don haka ka tura motar fili mai iska, nesa da duk waɗannan, ka kuma sanar da maƙwabtan sana'a abin da za ka yi. Ka bari inji da salansa su huce. Ka cire kan batir na baƙar waya, wato wanda ke haɗe da jikin mota, kafin komai. Tocila za ka haska da ita, ba ashana ko laita ba, ba kuma ƙwan lantarki mai zafi da ke iya fashewa ba. Idan za ka shiga ƙarƙashi, kada ka dogara da jak kaɗai, a sa ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri a kan daɓe mai ƙarfi, a kuma sa wa tayoyi waigi. Tukunyar kashe gobara mai gari ta kasance kusa da hannunka, da bokitin yashi. Tukunyar nan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke tambaya a hanya, ba don su aka yi ta ba. Duba allurarta, ka tabbata tana kan kore.

Abu ɗaya da ya zama ɗabi'a kuma ya kamata a bari shi ne zuƙo fetur da baki. Kurɓi ɗaya da ya kuskure ya bi ta maƙoshin iska na iya ƙona huhu. In har ya faru wani ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a kai shi asibiti.

Neman inda yake fita

Inda mai ya ɗiga a ƙasa ba lalle nan ne inda ya fito ba. Yakan bi jikin bututu ya gangara, iska kuma ta kora shi baya idan ana tafiya. Saboda haka wurin da ya fi kowane tsawo a cikin wuraren da suka jiƙe, shi za ka nema.

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana. Da safe tabon zai gaya maka yankin, ya kuma gaya maka irin ruwan. Fetur na bushewa da sauri ya bar wari. Gas, wato dizal, yana da maiƙo, ba ya saurin bushewa. Baƙin mai kowa ya san shi. Daga nan ka goge yankin da tsumma ya bushe sarai, ka barbaɗa garin alli ko hoda a kan mahaɗai, ka mayar da kan batir, ka sa wani ya tada mota kai kuma kana kallo, tukunyar gobara a gefenka. Inda garin ya fara yin duhu, nan ne. Ka kiyaye hannunka da rigarka daga fanka da bel.

Tiyo kuma ba a yanke masa hukunci da ido kawai. Kama shi ka lanƙwasa. Idan ƙananan tsagu suka buɗe, ko ya yi tauri ya ƙi lanƙwasuwa, ko ya yi laushi yana manne wa yatsa, ya gama aiki. Wanda aka lulluɓe da saƙar zare ya fi yaudara, domin zaren na rufe tsagar, ba za ka sani ba sai ka ga ya jiƙe.

Sau da yawa za ka ji irin wannan a gareji:

"Oga, bakin ne kawai ya tsage. In yanke in mayar?"

"Lanƙwasa tsakiyar mu gani."

"Kai, oga, nan ma duk ya yi zane."

"To shekarar bakin da ta tsakiyar ɗaya ce. Cire shi duka, ka duba 'yan'uwansa na wajen tanki."

Ogan ya yi daidai. Ranar da tiyo ɗaya ya gaza saboda tsufa, sauran ma a canza su, tun da tare aka sa su.

Wurare biyu kan yi kama da yoyon tiyo alhali ba shi ba ne. Na farko famfon mai. A cikinsa akwai faifan roba da ke sama da ƙasa. Idan ya yage, mai kan fito ta ƙaramin ramin da ke jikin famfon, ko kuma, wanda ya fi muni, ya gangara cikin inji ya gauraya da baƙin mai. Zaro sandar auna baƙin mai ka sansana. Idan tana warin fetur, ko man ya ƙaru da kansa ya tsinke, a canza famfo a kuma juye baƙin man, in ba haka ba inji zai ci kansa. Na biyu kafireta mai ambaliya. Idan datti ya hana allurar da ke tsayar da mai rufewa, mai zai cika ya malalo ta sama. Ƙwanƙwasa ta da bayan sukudireba na iya sa ta lafa na yini ɗaya, amma gyaran shi ne a buɗe a wanke, a canza allura da gasket, a kuma tambayi yadda aka yi datti ya wuce filta.

Sayen tiyo da sa shi

A nan ne aka fi yin ganganci. Idan ka je Ƙofar Ruwa ko wani shagon kayan mota, tafi da tsohon tiyon a hannunka, ka kuma karanta rubutun da ke jikin sabon. Tiyon mai na gaskiya na ɗauke da lamba. Wanda aka rubuta wa SAE 30R6 ko 30R7 na mota mai kafireta ne. Mai 30R9 na injekta ne, ya fi jure matsi da gaurayayyen fetur, kuma ba laifi a sa shi a mota mai kafireta in aljihu zai iya. Akasin haka ne ba a yi. Tiyon da babu ko harafi ɗaya a jikinsa, ni dai ba zan sa shi a motar da zan ɗauki iyalina ba. Haka farin tiyon roba da magina ke auna daidaiton gini da shi, da tiyon ruwa, da siririn tiyon iska na kafireta: duk za su shiga bututu daram, kuma duk fetur zai lalata su. Araha ba ta ado.

Faɗin ramin ma a duba. Yawancin waɗannan motoci milimita 6 ne ko 8. Wanda ya yi yawa, kilif ba zai matse shi ya rufe ba, sai dai ya tattare shi. Wanda ya yi kaɗan, tura shi da ƙarfi zai yage cikinsa.

Yadda ake aikin: ka yi shi lokacin da man tanki ya yi ƙasa. Sa kwano a ƙarƙashi, ka tanadi abin toshe bakin bututu. Sassauta kilif, ka murɗa tiyon a hankali. Idan ya ƙi, tsaga shi a tsaye da reza ka ɓare, kada ka sa sukudireba kana banƙara, domin bakin famfo da na kafireta ƙananan bututu ne da aka cusa, suna iya girgiɗewa su fita daga baya mota na tafiya. Goge bakin bututun. Yanke sabon tiyo da wuƙa mai kaifi, bakinsa a daidaice, tsawonsa ya ɗan fi tazarar kaɗan don inji ya samu wurin girgiza, amma kada ya yi tsawon da zai naɗe ko ya goga da wani abu. Zura kilif tukuna, sannan ka tura tiyon ya wuce ƙullutun da ke bakin bututu. Kilif ya zauna a bayan ƙullutun, ba a kansa ba. Ɗaure shi har tiyon ya daina juyawa da hannu, ka tsaya. Idan ka ga roba na bulbulowa ta ramukan kilif, ka wuce gona da iri, kai da kanka ka fara sabuwar tsaga. Waya da igiyar roba ta tsohon tub ba kilif ba ne.

Sai ka ja baya ka dubi hanyar da tiyon ya bi. Ya yi nesa da bututun hayaƙi, da bel, da duk wani ƙarfe mai kaifi. Inda ya ratsa ta ramin ƙarfe, a sa zoben roba.

Bututun ƙarfe da tsatsa ta huda, mafi kyau a canza shi daga farko har ƙarshe, domin inda ta huda ɗaya ta kusa huda goma. In ba hali, a mota mai kafireta ana iya yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a ɗan buɗa bakin kowane ɓangare don tiyo ya samu abin kamawa, a haɗa da guntun tiyon mai, kilif biyu-biyu a kowane gefe. A yanka da abin yankan bututu na hannu, ba da injin gurza mai tartsatsi ba. A mota mai injekta ba a wannan dabara. Bututun jan ƙarfe zalla irin na masu gyaran firji ma a guje shi, girgiza na sa shi ya yi tauri ya karye.

Filta

Ƙaramar filtar roba da ake gani ta cikinta ba ta da tsada, amma kurakuran da ake yi da ita suna da yawa. A jikinta akwai kibiya, kan kibiyar na kallon inji. Jikinta kan tsage saboda zafi, bakinta kan karye idan an matse kilif da yawa. Kada a bar ta tana lilo, kada kuma a rataye ta a saman bututun hayaƙi ko kusa da distiributa. Masu Volkswagen Beetle, wadda aka taɓa harhaɗawa a Legas, sun fi kowa sanin wannan: injinta na baya, wurin a matse yake, kuma filtar da aka rataya tsakanin famfo da kafireta kan yi ta jan bakin kafireta da nauyinta har ya fita, mai ya fesu a kan inji mai zafi. Wurin filtar roba shi ne kafin famfo, inda babu matsi.

Idan filta ta toshe, mota za ta yi lafiya a tsaye amma ta rasa ƙarfi da an taka. Wasu kan cire ta su haɗa tiyo kai tsaye, wasu su hura ta da baki su mayar. Na farko ya tura dattin cikin kafireta, na biyu ya sayi kwana biyu. Canza ta. Idan sabuwar ta sake cika da jan gari cikin ɗan lokaci, tankin ne ke ruɓewa, shi za a sauke.

Filtar mota mai injekta gwangwanin ƙarfe ce, kuma akwai matsi a cikinta ko mota na kashe. Cire fis ɗin famfon mai, ka tada mota ta ci abin da ya rage har ta mutu da kanta, sannan ka cire kan batir, ka rufe mahaɗar da tsumma kafin ka kwance. Inda aka ɗaure da noti mai rami a ciki, akwai washa biyu na jan ƙarfe ko alminiyam, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sau ɗaya suke aiki. Yawancin yoyon da ke biyo bayan canjin filta daga tsohuwar washa ne da aka mayar.

Masu tsofaffin Mercedes da manyan motoci masu shan gas, ku ma ga naku a taƙaice. Shafa ɗan gas a zoben robar sabuwar filta, ka tabbata tsohon zoben bai maƙale a sama ba, ka ɗaure daidai ba da ƙarfin tsiya ba, sannan ka fitar da iska da famfon hannu kafin ka tada. Ƙananan tiyoyin da ke tsakanin nozul da nozul su ne suka fi yawan jiƙa inji, kuma canza su ba wuya. Amma bututun ƙarfe da ke kai gas nozul, kada ka kuskura ka shafa shi da hannu inji na aiki don neman yoyo. Matsin da ke ciki na iya huda fata ya shiga tsoka.

Tanki, da dabarun bakin hanya

Kowane tsohon direba ya san dabarar murza sabulu a ramin tanki. Tana aiki, domin fetur ba ya narkar da sabulu, amma ruwa na narkar da shi, kwatar farko da ka shiga ta wanke shi. Dabara ce ta kai mota gareji, ba ta zama da ita ba. Wadda ba ta da uzuri ko kaɗan ita ce ajiye galan a gaban mota kusa da ƙafar fasinja a ja tiyo zuwa kafireta. Wanda ya yi haka ya zauna da tanki a ɗaki ɗaya.

Walda a tanki kuwa, ka sani tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne suka cika shi, abin da wuta ke nema ke nan. Ɗauraye shi da ruwa sau ɗaya ba ya fitar da tururin da ke maƙale a lunguna. Wannan ba aikin ɗalibin wannan darasi ba ne. A sauke tankin a kai wa wanda sana'arsa ke nan, ko a nemi wani tankin mai lafiya.

Bayan an gama

Goge duk man da ya zuba, ka fitar da tsummokaran waje, ka jira wari ya tafi kafin ka mayar da kan batir. Tada mota, ka bi kowace mahaɗa da farar takarda ko busasshen tsumma. Zaga da ita kaɗan, ka dawo ka sake dubawa da zafinta. Bayan kwana biyu ko uku ka sake gwada kilif, domin sabuwar roba kan ɗan kwanta.

Idan kuwa, Allah Ya kiyaye, wuta ta tashi a inji: kashe mota, fitar da mutane, kada ka wangale bonet domin iska za ka ba wutar. Ɗaga shi kaɗan ka fesa garin ta ƙasa. Ba a zuba wa wutar fetur ruwa, yaɗa ta yake yi. In ta fi ƙarfinka, ja da baya ka kira 'yan kwana-kwana.

Tambayoyi da aiki

1. Wata 504 na wahalar tashi da safe, tana mutuwa a hawa, amma ba a ga ɗigo a ƙarƙashin inji ba. Wane ɓangaren hanyar mai za ka fara dubawa, kuma me ya sa?
2. Sandar baƙin mai na warin fetur. Me ya lalace? Abubuwa biyu da za a canza, mene ne su?
3. Koma lissafin da muka yi a farko. Tambayi kuɗin lita a gidan man unguwarku yau, ka fitar da asarar wata ɗaya, ka kwatanta da kuɗin tiyo mita 1 da kilif 4.
4. Me ya sa tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari a wurin mai walda?

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya nemi izinin mai wata tsohuwar mota, a gida ko a wurin aiki, inji a kashe kuma a huce. Ka bi hanyar mai da ido daga tanki zuwa kafireta, ka zana ta a littafinka, ka sa alama a duk inda roba ta haɗu da ƙarfe, ka kuma kwafo rubutun da ke jikin kowane tiyo. Kada ka kwance komai. Wanda ya samu tsohon tiyo ko filta da aka cire a gareji, ya zo da su aji, za mu yanka mu ga cikinsu.